Tambayoyinku: Allon Talla a Intanet da Inda Kuɗi Ke Zurarewa

Wasiƙun da suka taru a wannan fitowa sun karkata ga hotunan tallan nan masu kusurwa huɗu da ke bayyana a saman shafukan intanet, ko a gefe, ko a ƙasan fuskar waya. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita wasu saboda wuri.

Assalamu alaikum. Ni da abokina mun buɗe shafin labarai guda a lokaci guda. Ni na ga tallan takalmi, shi ya ga na banki a daidai wurin. Wa ke zaɓa wa kowa nasa? Daga wani mai karatu.

Wa alaikumus salam, Malam. Babu mutumin da ke zaune yana zaɓa. Gwanjo aka yi a kanka, aka yi wani daban a kan abokinka, kuma duka biyun sun ƙare kafin shafin ya gama buɗewa.

Da can ba haka abin yake ba. Allon da ake yawan kawowa a matsayin na farko ya fito ne a watan Oktoba na 1994 a shafin mujallar intanet ta HotWired, kamfanin sadarwa na AT&T na Amurka ya biya. A lokacin mai talla da mai shafi ne ke daidaitawa kai tsaye: wuri kaza, na wata kaza, kuɗi kaza, kuma duk wanda ya shigo hoto guda zai gani. Har yau manyan jaridu na sayar da wurarensu mafiya kyau ta wannan hanya.

Amma yawancin allunan da kake gani ta kasuwar na'ura suke zuwa. Mai shafi yana barin gurbi babu komai a ciki sai 'yan layukan umarni. Da ka buɗe shafin, umarnin nan zai aika sanarwa ga kasuwar talla cewa ga gurbi mai girma kaza, a shafi kaza, mai kallo yana kan waya ko kwamfuta, yana yanki kaza, harshen na'urarsa kaza, wani lokaci har da lambar da ke nuna irin shafukan da ya saba shiga. Kasuwar sai ta watsa wannan bayani ga na'urorin masu saye. Kowacce ta duba sharuɗɗan da mai talla ya gindaya mata tun farko, in ka dace da su ta yi tayi, in ba ka dace ba ta yi shiru. Wanda tayinsa ya fi shi zai ci, a turo hotonsa cikin gurbin. Duk wannan yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Tun 2019 kasuwar Google ta manyan masu shafuka ta koma tsarin da wanda ya ci zai biya abin da ya taya cif, maimakon biyan abin da ya ɗan ɗara tayin na biyu kamar da.

Abin da ɗan kasuwa zai riƙe a nan shi ne, ba wuri yake saye ba, dama guda ta bayyana a gaban mutum guda yake saye, sau dubbai. Shi ya sa mai ƙaramin jari ke iya fitowa a shafin da ba zai taɓa iya kama hayar gurbinsa na wata ba. Kuma a sani, tsakanin aljihun mai talla da na mai shafi akwai dillalai biyu ko uku, kowa na yankar nasa.

Ina sayar da kaya ta intanet, ina so in gwada. Na ga ana rubuta CPM da CPC da CPA, sun rikita ni. Wanne zan ɗauka, kuma da nawa zan fara? Daga wata 'yar kasuwa.

Hajiya, ukun nan hanyoyin biya ne. CPM kuɗin bayyana sau dubu ne, ko an latsa ko ba a latsa ba. CPC kuɗin latsawa guda ne, bayyanar kyauta ce. CPA kuɗin da aka kashe kafin a samu mutum guda ya yi abin da kike so, ya saya, ya cike fom, ko ya kira. Na ukun nan shi ne ainihin ma'auni, sauran biyun matakala ce zuwa gare shi.

Kafin ki buɗe asusun talla, ɗauki biro ki fara lissafi daga ƙarshe. Ga misali, alƙaluman na koyarwa ne kawai, ki sa naki a madadinsu. A ce bayyana dubu na cin dala 2. Dala 100 za ta saya miki bayyana 50,000. A ce mutum 4 cikin kowane dubu sun latsa, kin samu baƙi 200, kowane baƙo ya tsaya miki a kan santi 50. A ce 2 cikin kowane 100 na baƙin sun saya, kin samu masu saye 4, kowannensu ya ci miki dala 25. Idan ribar da kike samu a ciniki guda dala 40 ce, kin mayar da kuɗinki har da rarar dala 60. Idan dala 15 ce, kin faɗi da dala 40, ko da allon ya yi kyau kowa na yabawa.

Daga nan ake fitar da iyakar tayi. Ki ninka ribar ciniki guda da kason baƙin da ke saye. Dala 15 sau 2 cikin 100 ya ba da santi 30. Duk latsawar da ta wuce santi 30 asara ce a gare ki, sai dai in kin tabbata mai sayen zai dawo karo na biyu da na uku, sannan ki lissafa da ribar dawowar. Lura da wani abu kuma: idan kika gyara shafinki har masu saye suka tashi daga 2 zuwa 4 cikin 100, kuɗin samun mutum guda ya sauka daga dala 25 zuwa 12 da rabi, ba tare da kin taɓa tallan ba. Mutane da yawa suna ɓata makonni suna canja launin allo alhali gyaran yana can a shafin da ake sauka.

Shawararmu ga mai farawa ita ce CPC, don in allon bai ja kowa ba, ba ki biya komai ba. CPM na wanda burinsa a san sunansa ne, ko wanda ya riga ya gwada allonsa ya san ana latsa shi sosai. Barin na'ura ta nemo masu saye da kanta a kan CPA kuwa sai asusun ya tara tarihin cinikayya da za ta koya daga gare shi, in babu sai ta yi ta lalube da kuɗinki.

Batun nawa za a fara da shi, ki ware abin da zai sayi latsawa ɗari uku zuwa ɗari biyar, ki raba shi a kan mako biyu, kuma ya zama kuɗin da ba zai girgiza jarinki ba in ya tafi. Latsawa talatin ba ta isa a yanke hukunci ba. Kada kuma hankalinki ya tashi in kin ga Google Ads, dandalin sayen talla na Google, ya kashe fiye da kasafin yini: ƙa'idarsu ta ba su damar kaiwa ninki biyu a rana guda, amma jimillar wata ba za ta wuce kasafin yini sau 30.4 ba.

Ni mai zane ne a kwamfuta, an ba ni aikin allunan talla karo na farko. Wane girma zan yi, me zan sa a ciki? Daga wani matashi.

Ɗan'uwa, fara da girma biyar, duka da fiksel (ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto a fuskar na'ura), faɗi kafin tsayi: 300 da 250, wanda ke shiga tsakiyar rubutu a waya da kwamfuta kuma ya fi kowanne samun gurbi, 728 da 90 na saman shafi a kwamfuta, 160 da 600 da kuma 300 da 600 na gefe, sai 320 da 50 na waya. Wanda ya yi girma ɗaya tak ya cire kansa daga duk gwanjon da gurbinsa ya bambanta.

Google yana karɓar JPG da PNG da GIF, da HTML5 (allon da ake ginawa kamar ƙaramin shafin intanet) ga asusun da suka cika sharuɗɗa, kuma nauyin allon da aka ɗora kada ya wuce iyakar da suka gindaya. In mai motsi ne, dole motsin ya tsaya cikin daƙiƙa 30. Manta da Flash, tsohon tsarin yin hotuna masu motsi, an rufe babinsa a ƙarshen 2020. Nauyi ba ƙaramin abu ba ne: allon da ya yi jinkirin buɗewa, mai karatu ya riga ya gangara ƙasa kafin ya fito.

A ciki, abu huɗu sun isa: tambarin kamfani, hoto guda na ainihin kayan, jimla guda da ke faɗin amfanin ko tayin, da maɓalli mai cewa abin da za a yi, kamar "Duba farashi" ko "Yi oda". Jimlar kada ta wuce kalma shida ko bakwai. Gwada na 320 da 50 a kan waya ta gaske, ka miƙa hannu ka duba, in ba ka iya karantawa ba a rage kalmomi, ba a rage girman harafi ba. In farin bango ka yi amfani da shi, zagaye allon da siririn layi don ya rabu da shafin. In yana motsi, a bar tambari a fili tun daga farko, kuma hoton ƙarshe da zai tsaya ya ƙunshi saƙon gaba ɗaya. Kada ka zana maɓallin rufewa na ƙarya ko saƙon gargaɗi irin na kwamfuta don a latsa bisa kuskure, za a ƙi karɓar tallan, ana iya dakatar da asusun ma.

Akwai kuma allon da na'ura ke harhaɗawa da kanta. Kai za ka ba ta hotuna har 15, shimfiɗaɗɗu masu 1200 da 628 da masu murabba'i 1200 da 1200, da gajerun kanu har 5 masu harafi 30, da dogon kai guda mai harafi 90, da bayanai har 5 masu harafi 90. Ita za ta riƙa jujjuya su gwargwadon gurbi. Wannan ya fi isa ko'ina, amma tunda ba ka san wane kai za a haɗa da wane hoto ba, kowane guntu ya zama mai ma'ana shi kaɗai, kuma kada ka rubuta komai a jikin hotunan.

Na biya, an nuna mini an latsa tallana fiye da sau dubu cikin kwana uku, a farashi mai sauƙi ƙwarai, amma ko mutum ɗaya bai saya ba. Damfarata aka yi? Daga wani ɗan kasuwa.

Alhaji, mai yiwuwa ba damfara ba ce, amma araha ba ta ado, kuma latsawa mai yawa da sauƙi haka alama ce ta matsala, ba ta nasara ba. Ka bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, a jere.

Fara da rahoton wuraren da tallan ya fito. Kowane asusun talla na kirki yana da shi. Sau da yawa za ka tarar mafi yawan kuɗin ya tafi ne a manhajojin wasa na waya, inda allon ke maƙale kusa da inda yatsa ke aiki, yara da manya na dangwalarsa ba da niyya ba. Alamarsu ita ce kason latsawa da ya yi sama fiye da kima. Allon talla na yau da kullum ba ya kai latsawa 1 cikin 100, don haka in ka ga wata manhaja ko wani shafin da ba ka taɓa jin sunansa ba yana ba da 5 ko 10 cikin 100, cire shi nan take. In kayanka ba su da alaƙa da wasanni, toshe rukunin gaba ɗaya. Wannan dubawa ta mako-mako ce, ba ta sau ɗaya ba, domin sababbi na shigowa kullum.

Sai ka kwatanta adadin latsawar da aka caje ka da adadin baƙin da ma'aunin shafinka ya ƙirga. Don ka iya bambance su, liƙa alamun UTM a ƙarshen adireshin da ke cikin tallan, masu nuna tushe da nau'i da sunan kamfen. Ɗan bambanci ba komai ba ne. Amma in an caje ka dubu, ɗari uku suka iso, to ko dai shafinka na jinkirin buɗewa mutane na juyawa, ko masu latsawar ba su yi niyya ba, ko kuma ba mutane ba ne. Akwai shafukan da aka gina don cin kuɗin talla kawai, manhajojin bogi ke shiga suna latsawa. Manyan kamfanonin talla suna tace irin wannan, suna mayar da kuɗin abin da suka gano, amma ba duka suke kamawa ba.

Na uku, duba saitin yanki da na masu kallo. Akwai zaɓin mutanen da ke cikin yankin, akwai wanda ya haɗa da masu sha'awar yankin daga nesa. In ba ka iya kai kaya nesa, na farkon za ka ɗauka. Haka kuma akwai saitin da ke ba na'ura izinin faɗaɗa masu kallo fiye da waɗanda ka zaɓa, kuma sau da yawa a kunne yake zuwa. Kashe shi a lokacin gwaji.

Na huɗu, kuma a nan aka fi faɗuwa, latsa adireshin tallan da wayarka, da intanet na waya ba na ofis ba, ka yi ƙoƙarin saye kamar baƙo. Allon ya yi alkawarin ragi a kan kaya kaza, shin shafin da aka sauka ya nuna wannan kayan da wannan ragin a sama, ko babban shafin kamfani ne da sai mutum ya yi ta nema? Akwai farashi? Akwai kuɗin kai kaya, ko sai a mataki na ƙarshe yake faɗowa? Fom ɗin na neman abu goma sha biyu alhali uku sun isa? Hanyar biyan kuɗi na aiki? Tura baƙi zuwa shafin da ke da irin waɗannan ramuka ɗibar ruwa ne da kwando.

In duk waɗannan lafiya suke, tabbatar da cewa alamar ƙirga ciniki tana kan shafin godiya da ke fitowa bayan biya, ka yi odar gwaji ka ga ta ƙirgu. Kuma in yawancin cinikinka ta kira ko saƙo ake ƙarasa shi, ba tallan lambar waya ko kalmar ragi tasa daban, in ba haka ba zai kawo ciniki ba ka sani ba, ka kashe shi a banza.

Ni dai ban taɓa latsa irin wannan talla ba, kuma ban san wanda ke latsawa ba. To ina amfaninsa? Daga wata malamar makaranta.

Malama, kina da gaskiya a rabin maganar. Tun 1998 masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka suka nuna cewa idon mai karatu na tsallake duk abin da ya yi kama da allon talla, ko da abin da yake nema na ciki. Ƙari a kan haka, ba duk allon da aka turo ake gani ba, wani yana can ƙasan shafi inda ba a gangara ba. Shi ya sa masana'antar ta tsayar da ma'auni a 2014: ba a cewa an ga allo sai rabinsa ya bayyana a fuskar na'ura na daƙiƙa guda cur. Mai saye da CPM ya nemi a caje shi a kan waɗanda aka gani kawai.

Amma latsawa ba ita ce kaɗai aikin allo ba. Tallan da ke fitowa a sakamakon bincike, kamar na Google, yana kama wanda ya riga ya san abin da yake nema. Allo kuwa yana isa ga wanda bai san kayan na nan ba, kuma yana sa suna ya zama sananne, ta yadda ranar da buƙata ta taso, sunan da ido ya saba da shi ake fara nema. Sabon kaya, sabon reshe, ragi mai wa'adi, da tunatar da wanda ya duba bai saya ba, nan ne allo ke biyan kuɗinsa. Kayan gaggawa da ake nema sai an shiga matsala, tallan bincike ya fi dacewa da su.

Gargaɗi guda ga 'yan kasuwa: asusun talla na nuna cinikin waɗanda suka ga allo ba su latsa ba, daga baya suka saya. Kada a ɗauki wannan adadi duka a matsayin aikin allon, wasunsu da ma za su saya. Gwajin gaskiya shi ne a kunna talla a yanki ɗaya, a bar wani yanki makamancinsa babu, na wata guda, sannan a kwatanta ciniki da yawan masu neman sunan kamfanin a wuraren biyu.

Na duba wata jaka a wani shago na intanet, tun ranar hotonta ke bi na duk inda na shiga. Yaya suke yi, kuma ni ma zan iya yi wa nawa kasuwancin? Daga wata mai karatu.

'Yar'uwa, shagon ya ajiye wata 'yar alama a burauzarki, wadda ake kira kuki, ya sa ki cikin jerin waɗanda suka duba jakar. Duk gwanjon da lambarki ta bayyana, na'urarsa na tayawa da ƙarfi don ta san kin riga kin nuna sha'awa. Za ki iya yi: ki sa alamar kamfanin talla a duk shafukanki, ki jira jerin ya cika. A Google sai ya kai mutum 100 da suka shigo cikin kwana 30 na baya-bayan nan kafin ya fara aiki. Ana iya riƙe mutum a jeri har kwana 540, amma ga kayan yau da kullum kwana 14 zuwa 30 ya wadatar.

Abu biyu ne ke mayar da shi abin haushi, kuma duka a hannun mai talla suke. Sa iyakar maimaitawa, kamar sau uku a rana ga mutum guda. Sannan cire waɗanda suka riga suka saya daga jerin. Ware waɗanda suka sa kaya a kwandon saye suka fasa, su ne suka cancanci tayi mafi tsoka.

Ki sani jerin ba zai kama kowa ba. Burauzar Firefox tun 2019 da ta Safari tun 2020 suna toshe kukin da ke bin mutum daga shafi zuwa shafi, kuma tun 2021 manhajojin iPhone sai sun nemi izini kafin su bibiyi mai waya. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018, da makamantanta a ƙasashe da dama, sun wajabta sanar da baƙo da neman yardarsa. Bibiyar mutane a kan rashin lafiya ko matsin kuɗi kuwa dokokin manyan kamfanonin tallan ma sun hana.

Ina da shafin da nake rubutu a kai. Ta yaya zan sa alluna a biya ni? Daga wani marubuci.

Malam, hanya mafi sauƙi ita ce AdSense, tsarin sa talla a shafuka wanda Google ya buɗe a 2003. Za ka nema, su duba shafin su ga rubutun naka ne kuma yana da yawa, in sun amince su ba ka layukan umarni ka sa. Idan ta Google Ads aka sayi gurbin, kasonka kusan 68 cikin 100 ne na abin da mai talla ya biya, kuma a asusun dala ba a turo kuɗi sai sun kai 100. Sa fayil ɗin ads.txt a tushen shafinka, shi ke shaida wa masu saye waɗanda ka ba izinin sayar da gurabenka.

Kada ka latsa tallan da ke shafinka, kada ka roƙi abokai su latsa, kada ka sayi baƙi daga masu alkawarin dubban ziyara da arha. Kowanne cikin ukun nan na iya jawo rufe asusu tare da kuɗin da ke ciki. Gurbi biyu ko uku a shafi sun isa: ɗaya kusa da sama, ɗaya bayan sakin layi na uku ko na huɗu, ɗaya a ƙarshen rubutu. Ka ware wa kowanne tsayinsa tun farko don kada rubutu ya riƙa tsalle yayin da allon ke buɗewa. In masu karatunka kaɗan ne amma na fanni guda, kamar manoma ko masu gyaran waya, tuntuɓi kamfanonin fannin kai tsaye ka ba su gurbi na wata a kan tsayayyen kuɗi, tare da rahoton bayyana da latsawa a ƙarshen kowane wata.